Fuskar Goggo Mitsue

Goggona Mitsue ba ta iya neman alfarma ba, umarni kawai ta iya bayarwa. Ranar Talata da safe ina tsaka da yanka awara a shago ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu.

"Sachie, ranar Lahadi ki wanke motar nan taki mai warin waken suya. Gidan Kan Tudu za ki kai ni. Ki taho da ubanki."

"Goggo, ai an rufe wurin nan tun ina 'yar makaranta."

"An mai da shi gidan tarihi. Ni ce tarihin, kuma ba wanda ya gayyace ni. Ki taho da ubanki na ce."

Gidan Kan Tudu shi ne inda ake kai yara masu naƙasa a yankinmu a da, a bar su can su girma. Goggo ta kamu da shan inna tana ƙarama, ƙafafun suka ƙi, sai aka ɗauke ta aka kai ta. Kakata ta gaya wa maƙwabta wai an tura yarinyar birnin Sendai wurin dangi ta koyi ɗinki, yarinyar da ko zare ba ta isa zurawa a allura ba. Kowa ya san gaskiya, kowa kuma ya gyaɗa kai, don haka ake zaman lafiya a garinmu. Sai da ta zama budurwa ta fito, ta yi aiki a masana'antar ɗinka riguna har ta yi ritaya. Yanzu tana zaune ita kaɗai a birni da kekenta mai batir, wanda take tuƙawa kamar an ce gari ya kama da wuta.

Babana Tokuji shi ne yayanta. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Duk sabuwar shekara shi ke aikawa a ɗauko ta, ya ba ta wurin zama mafi ɗumi, ya tsame mata naman kifi daga ƙaya. Amma da maƙwabci ya leƙo, sai ka ji ya ce, "Ƙanwata ce ta Sendai." Goggo kuwa ko tashar jirgin Sendai ba ta taɓa sauka ba. Wannan abu yana ƙona mini rai tun ina yarinya, amma hali zanen dutse.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani hoto. Wata tsohuwar ƙawar Goggo ta ce mata an rataye hoton ranar wasanni ta zamaninsu a gidan tarihin, amma an rufe fuskokin yaran duka da farar takarda don kada a kunyata dangi. Ba a cire takardar kowa sai shi mai fuskar ya yarda, babban gidansu ma ya yarda. Goggo ba ta da hoton yarinta ko ɗaya. Tana so ta ga fuskarta, kuma tana so a bar ta a buɗe da sunanta a ƙasa. Babban gidanmu kuwa Baba ne.

Na ce wa Baba taliyar soba za mu je ci a kan dutse. Ya sa hularsa ta fita, ya shiga gaba yana ta yabon kansa cewa ya haifi 'ya mai tunani. Da muka tsaya muka ɗauki Goggo, muka tura kekenta bayan mota tsakanin kwandunan awara, ya ɗan kalle ni. Da na karya kwana na kama hanyar tudun, ya gane.

"Sachie, ba nan ce hanyar mai taliya ba."

"Sabuwar hanya ce, Baba."

"Ni za ki yi wa wayo? Ni na haife ki."

"Yaya, gyara zama," in ji Goggo daga baya. "Sendai za mu je. Ba ka taɓa zuwa ganin inda na koyi ɗinki ba."

Baba ya ja hularsa ya rufe ido, ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Haka yake har muka isa.

Wurin ƙarami ne ƙwarai. An rushe yawancin ginin, an bar ɗakuna uku da baranda, ga wurin ajiye mota a baya wanda babu kowa a ciki sai mu. Mai kula da wurin, wata matashiya mai tabarau da ake kira Malama Nonaka, ta fito da gudu tana rusunawa. Da alama ta kwana biyu ba ta ga baƙi ba. Ta goge tayoyin keken Goggo da tsumma, ta ba mu silifas ɗin cikin gida, ta gyara murya za ta fara jawabin da ta haddace.

"A wannan ɗaki ne yaran suke kwana…"

"Wa ya ce miki muna kwana?" in ji Goggo. "Hira muke yi har a zo a daka mana tsawa. Gadona ne wancan na jikin taga. Ko na kusa da shi. Kai, duk iri ɗaya ne."

Malama Nonaka ta dafe ƙirji. "Iya, a nan kika zauna?"

"A nan na yi mulki, 'yar nan."

Daga nan jawabi ya koma hannun Goggo, Malama kuma ta bi ta a baya tana murna kamar ta tsinci dami a kala. Muka ga gadajen ƙarfe a jere, da ƙananan takalman ƙarfe da ake ɗaura wa ƙafa, da wani ƙaton kwando na tufafi. Goggo ta ce ba mai rigar kansa a gidan, da safe ake juye kwandon a tsakar ɗaki kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Akwai wata rigar sanyi ja guda ɗaya da ake dambe a kanta, kuma in ka ji ta bakin Goggo, ita ke cinye damben kullum. Ta nuna mana injin aski a cikin akwatin gilashi ta yi masa daƙuwa. Da shi ake yi wa kowa aski iri ɗaya, mace da namiji, kamar an kifa kwano a ka an bi gefensa.

Ni dariya nake yi, amma takalman nan sun tsaya mini a rai, don wasunsu ba su fi tafin hannuna ba. Baba kuwa yana can baya, hannu a goye, yana duba rufin ɗaki sai ka ce an aiko shi neman inda yake yoyo.

Hoton yana ɗaki na ƙarshe, babba, a cikin firam. Yara ne jere a fili, wasu a zaune a ƙasa, wasu a keken katako, wasu da sanduna, ga tutoci an ɗaɗɗaura a igiya. A kan kowace fuska an ɗora farar takarda mai zagaye kamar marfin kwalba. A gefe akwai akuya, ita ma an rufe mata fuska.

"Ita kuma wannan wa za ta kunyata?" na tambaya.

Malama Nonaka ta sunkuyar da kai. "Wanda ya riƙe wurin kafin ni ne ya liƙa su. Mutum ne mai taka-tsantsan."

"Dangin akuyar manyan mutane ne," in ji Goggo. "To, 'yar nan, ga ni, ga babban gidanmu. Cire mini tawa."

Malama ta juya wajen Baba ta rusuna. Baba ya sauko da idonsa daga rufi a hankali.

"Su wa ke zuwa nan?"

"Ba su da yawa, Baba. Ɗaliban koyon jinya, sai kuma yaran firamare da ake kawowa lokacin kaka."

"Firamaren garinmu?"

"Har da ita."

"Jikokin masu sayen awarata ke nan."

"Awarar ce za ta yi tsami don sun ga fuskata?" in ji Goggo.

"Mitsue, abin da ya wuce ya wuce. Inna ta rufe maganar nan, ta mutu da ita a rufe. Ni ne zan zo in buɗe mata asiri a jikin bango?"

"Asirin da duk gari ya sani? Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na tsufa, kai ka fi ni. Kai kana da hotonka kana jariri tsirara a kan bargo, duk wanda ya shiga gidanka sai ya gani. Ni ko kamannina ban sani ba. A gidan nan madubi ɗaya ne, kuma an kafa shi daidai tsayin masu tsayuwa."

Baba ya murza hularsa a hannu. Na san shi, in ya fara murza hula to an kama shi ta wani gefen.

"A buɗe ta gani," ya ce. "In ta gani a mayar. Ba suna."

Na buɗe baki zan yi magana, Goggo ta harare ni na haɗiye. Ita ta san yayanta ba a cinye shi a loma ɗaya.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Malama Nonaka ta sauko da firam ɗin ta shimfiɗa a tebur, ta cire gilashin, ta sa farar safar hannu, ta ɗauko hantsaki, sannan ta ce, "Wacce ce ke, Iya?"

Goggo ta matso da kekenta ta duba. Aski iri ɗaya, rigunan kwando iri ɗaya, ƙafafu sirara iri ɗaya. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta dangwala yatsa a kan wata yarinya ta gaba mai riƙe da kyauta.

"Ga ni nan. Ni na ci tsere a shekarar."

"Ba zan iya buɗe fuskar wani a gaban baƙi ba," in ji Malama. "Ke kin san su duka, ke kam ba baƙuwa ba ce. Amma su…" Ta kalle mu cikin jin nauyi.

Haka aka sa ni da Baba muka juya muka fuskanci bango kamar yaran da suka yi laifi a aji. A gabanmu akwai wani tsohon allon jadawalin wanka, shi muka ƙura wa ido.

"Af!" muka ji Goggo ta ce. "Wannan ai Kinuyo ce, ɓarauniyar gasasshen dankali. To ita ta ci tseren? Maguɗi aka yi. Rufe ta. Buɗe ta kusa da ita."

Muka ji motsin takarda.

"Kai, Shozo! Ka ga ɗan banza. Shi ya fara cewa zai aure ni, da ya ga mai rabon abinci sai ya canja shawara. Rufe shi, bai cancanci shan iska ba."

Baba ya yi wani tari wanda na tabbata dariya ce ya danne. Haka suka yi ta bi layi layi. Kowace takarda aka ɗaga sai Goggo ta kira suna ta haɗa da tsegumi: wannan mai fitsarin kwance ce, wannan ya iya kukan kurciya, wannan ta ciji likita. A wata fuskar sai muryarta ta sauka.

"Tomie," ta ce. "Gadonmu ɗaya lokacin sanyi. Ba ta ga bazarar da ta biyo baya ba. Bar ta ta ɗan jima, 'yar nan, kada ki yi saurin rufewa."

Can ta ja hanci ta ce a ci gaba, har ta sa aka buɗe akuyar don su gaisa.

Layin gaba ya ƙare, na tsakiya ya ƙare, na baya ya ƙare. Tsegumin yana raguwa, har ya koma suna kawai, sunan ma a gajarce. Daga ƙarshe kiran sunan ma ya tsaya. Nan na gane ba ta ga kanta ba.

"Ko ranar ina ɗakin jinya ne," in ji Goggo. Ban taɓa jin muryarta ƙarama haka ba.

"Saura ɗaya," in ji Malama. "Can gefe, jikin turken tuta."

Na ji ƙarar hantsaki a kan tebur. Sai Malama ta ce, "Baba, ku juyo. Wannan kam ba laifi ku gani."

Muka juyo. Yarinya ce ƙarama a zaune a ƙasa, ta ɗan ware daga sauran, ƙafafunta a miƙe cikin takalman ƙarfe. An ɗaga takardar, amma babu fuska a ƙarƙashi, ƙeya ce. Duk yaran suna kallon mai hoto, ita kaɗai ta juya baya. Mutumin nan mai taka-tsantsan ƙeya ya liƙa wa takarda.

Baba ya ciro tabaransa ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa hoton.

"Kunnuwan gidanmu ne," ya ce.

Gaskiyarsa ne. Mu 'yan gidan Kuramochi kunnuwanmu a buɗe suke kamar hannun tukunya, ni ma shi ya sa ba na ɗaure gashi. Ga su nan biyu sun fito ta gefen askin kwano, ba mai musu.

Goggo ta kalli ƙeyar ta daɗe, sai ta fashe da dariya har da buga hannun keke. "Duk wannan tafiya, duk wannan rigima, ƙeya na zo gani! Sachie, ki shaida, ko ta baya na fi Kinuyo kyau."

Ni ban iya dariyar ba. Baba ma bai ɗago ba.

"Me kike kallo a hoton?" ya tambaya. "Kowa na kallon gaba."

"Ƙofa."

"Me ke ƙofar?"

"Haba Yaya, kai ma ka yi makaranta. Ranar wasanni fa. Iyaye su zo da akwatin abinci hawa-hawa, a shimfiɗa tabarma a ci tare. A nan ma ana gayyatarsu, wasu kuma suna zuwa. Inna ta ce mini in dai ranar ta zo, ita ba za ta samu dama ba, amma za ta aiko ka a kan keke da dunƙulen shinkafa da soyayyen ƙwai. To kowace shekara sai in zauna inda zan hango ƙofa."

"Ba wanda ya gaya mini." Baba ya ɗago kai. "Mitsue, ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini in zo."

"Na sani. Ta faɗa ne don in saki zanenta ranar da ta kawo ni. Sai da na girma na gane. Kai ma yaro ne lokacin." Ta kaɗa hannu. "Rufe ta, 'yar nan. Babban gida ya ce a mayar."

Baba ya miƙe. "Ƙofar tana nan?"

Malama Nonaka ta nuna ta taga. Can ƙarshen fili, bayan ciyawa, akwai tsohuwar ƙofar ƙarfe tsakanin ginshiƙai biyu. Ta ce ba a bin ta yanzu, tunda an yi sabuwar hanya ta baya.

Baba ya sa hularsa ya fice. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka mota ya tafi ya zauna ya kumbura, har na fara shirya maganganun da zan gaggaya masa a hanya, irin waɗanda 'ya ba ta gaya wa uba. Sai Malama ta yi 'yar ƙara ta toshe baki.

"Da silifas ɗinmu ya fita waje!"

Muka leƙa. Ga Baba can ya zagaya ta bayan shinge, yana kutsawa cikin ciyawa har gwiwa, silifas ɗin cikin gida a ƙafarsa, mutumin da ko a shago ba ya yarda a taka dandamali da takalmin waje. Ya ɓace bayan itatuwa, can sai ga shi a wajen ƙofar. Ya tura ta ƙi. Ya sa kafaɗa ta ƙi. Ya ja da baya ya daka mata ƙafa, silifas ɗaya ya yi sama, ƙofar ta yi wani kuka ta buɗe daidai shigar mutum ɗaya.

Goggo ta bar taga. Ta murza kekenta ta fita baranda a hankali, karo na farko da na ga ta tuƙa shi kamar mai hankali. Baba ya taho ta tsakiyar filin, ƙafa ɗaya da silifas ɗaya da safa, yana haki, ƙaya ta manne masa a wando. Filin ba shi da girma, amma ya daɗe kafin ya iso. Ya tsaya a gindin baranda ya cire hula.

"Ka makara," in ji Goggo. "An gama tsere."

"Wa ya ci?"

"Ni mana."

Hawaye na zuba a fuskarta ba ta ko share ba. Nawa ma sun zubo, ban ɓoye ba. Malama Nonaka ta leƙo ta bayanmu da hantsaki a hannu, farar takardar a bakinsa, ta rasa yadda za ta yi.

"Baba, in mayar?"

"Jefar da ita," in ji Baba, bai ɗauke ido daga ƙanwarsa ba. "Ki rubuta Kuramochi Mitsue. Ki ƙara da cewa ƙanwar mai awara ce na bakin tasha, don yaran su gane ko ta wane gida ce."

Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ja hanci.

"Kuma hannu rabbana ka zo, Yaya. Ina shinkafar?"